Gwaggo, an ce in ba mutane dariya a takarda, ga shi surukina zai zo kallo

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni malamin firamare ne a Birnin Kebbi, shekarata 34, ina da mata da 'ya'ya biyu. Muna da wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo, ba sana'a muka ɗauke ta ba, akwai malamai, akwai tela, akwai ma'aikatan jinya da ɗalibai. Bayan ƙaramar Sallah za mu yi wasa mai waƙe-waƙe don mu tara wa marayun unguwarmu kuɗin makaranta. Labarin wani masunci ne da ya tafi gasar kamun kifi ta Argungu. Ni aka ba masuncin, ina da waƙa uku, alhali ni ko iyo ban iya ba, lissafi nake koyarwa a aji huɗu.

Daraktanmu ya ce za a buga takardar shirin taro a raba wa 'yan kallo, kowane ɗan wasa ya rubuto taƙaitaccen tarihinsa, kuma lallai ya zama da ban dariya. Na farko da na rubuta na jero makarantun da na yi da takardar NCE da kwasa-kwasan da na halarta. Ya ce ba neman aiki ya aike ni ba. A na biyu na ce na shiga wasa ne don in tsira daga tuwon matata, na kuma ce daraktanmu ko ɗaurin aurensa sai da ya makara. Abokai sun sha dariya a WhatsApp. To yanzu na ji surukina zai zo, don yana cikin dattawan kwamitin marayun. Dama ba ya son harkar nan, ya taɓa faɗa wa mai ɗakina cewa bai dace malamin makaranta ya tsaya gaban jama'a yana waƙa ba. Saura kwana goma a kai wa mai bugawa. Ga kuma wata 'yar ƙungiyarmu ta roƙe ni in rubuta mata nata. Ina zan sa kaina?

Wani malami, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba ku ladan marayun nan.

Na biyun nan da abokanka suka yi wa dariya, ka goge shi yau, tun kafin wani mai saurin hannu ya tura wa mai ɗakinka. Kuma ba don surukinka na ce ka goge ba. Ko da dattijon yana Makka a ranar, ba zan yarda ka buga shi ba. Baiwar Allah tana zuba maka tuwo a kula tana jiranka har ka dawo daga gwajin wasa da dare, kai kuma sakayyar da za ka yi mata ita ce a raba wa jama'ar unguwa takarda cewa girkinta ne ya kore ka daga gida? Abokanka sun yi dariya ne don ba matansu aka taɓa ba. Ƙawayenta za su karanta, ƙannenta za su karanta, matan maƙwabta za su karanta, kuma ita za a riƙa tsokana a gidan biki bayan kai ka manta ka taɓa rubutawa. Darakta kuwa, da bakinsa ya ce a ba da dariya, amma bai ce a ba da ita da shi ba. Ka gwada ka gani, a gabanka zai yi murmushi, wasa na gaba ya ba ka mai gadi marar magana.

Na san abin da za ka ce: ai wasa ne, mu Hausawa mun san wasa. Gaskiya ne, amma wasanmu yana da masu shi. Jika yana tsokanar kakarsa, taubashi yana tsokanar taubashiyarsa, Bafulatani da Babarbare ba sa raga wa juna, haka Bakatsine da Banufe, haka Bagobiri da Bayarabe. Duk waɗannan an san su, kuma mai faɗa yana tsaye, ana ganin fuskarsa, ana jin muryarsa, wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take. Takarda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya ɗauke ta bayan wata uku a ƙarƙashin kujera bai san abin da ke tsakaninka da darakta ba, abin da zai karanta kawai shi ne wane ba ya cika alkawarin lokaci. Makaɗan fada na ƙasar nan, irin su Musa Ɗanƙwairo Maradun da Sa'idu Faru, sun iya zambo ƙwarai, amma abokan hamayyar ubangidansu suke yi wa, ba mutanen gidansu ba. Kai ka ɗauki makamin da ake kai wa abokin gaba ka juya shi cikin ɗaki.

Shi kuma na farkon, darakta ya yi gaskiya. Ba wanda ya sayi tikiti don ya tantance takardunka.

Bari in faɗa maka inda al'adar nan ta samo asali, don ka gane abin da ake nema a wurinka. Daga gidajen wasan Ingila da Amurka take. A birnin New York akwai mujallar Playbill da ake raba wa 'yan kallo a bakin ƙofa, tun 1884 aka fara ta, a ciki ake sa ɗan bayani kan kowane ɗan wasa. Ƙwararru suna jero wasannin da suka taɓa yi ne, don sana'arsu ke nan. Masu yi don sha'awa irinku, da ba su da abin jerowa, su ne suka fi cike gurbin da raha. Akwai ƙa'ida biyu da suka zo da al'adar, kuma duka biyun sun dace da mu. Ta farko, ana rubutawa ne kamar wani ke ba da labarinka: “Malam wane ya yi kaza”, ba “na yi kaza” ba. Wannan ma sauƙi ne ga Bahaushe, tunda yabon kai jahilci ne, sai ka ɓuya a bayan bakin wani. Ta biyu, gajarta. Kalma hamsin zuwa tamanin ta isa. Idan ku goma sha biyar ne a wasan, kowa ya cika rabin shafi, an buga littafi ke nan, kuma mai bugawa kuɗin kowane shafi zai karɓa daga abin da kuke tara wa marayu.

Yanzu ga abin da ya ba ni mamaki a wasiƙarka. Kana neman abin dariya a tukunyar matarka da agogon darakta, alhali ka riga ka rubuta shi da hannunka ba ka lura ba: an ba ka masuncin Argungu, kai kuwa ko iyo ba ka iya ba. Ni da na karanta wannan layin sai da na ajiye wayar. Mutumin Kebbi, ƙasar gulbi da fadama, zai tsaya da gora da koma yana rera waƙar jarumta a kan ruwa, ga shi ruwan da ya wuce gwiwa ba ya shiga. Me kake nema bayan wannan?

Dalilin da ya sa irin wannan ke aiki shi ne gaskiya ce, ƙarama ce, kuma a kanka take. Wanda ya tsokani kansa ba ya bin kowa bashin haƙuri. Sannan 'yan kallo suna son su ga tazarar da ke tsakanin mutumin da suka sani a unguwa da wanda ya hau dandamali. Rabin masu zuwa sun san ka da alli a hannu. Idan takardar ta nuna kai ma ka san abin da ban dariya, sun zama naka tun kafin a buɗe labule, ko muryarka ta sarƙe a waƙa ta biyu za su tafa maka. Sai dai ka kula, tsokanar kai daban, wulaƙanta kai daban. Rashin iya iyo, tsoron lasifika, mantuwar baiti, babur ɗin da ba ya tashi sai an tura, duk waɗannan ba sa rage mutum. Amma kada ka ce kai malalaci ne a wurin aiki, ko ba ka shiga aji, ko bashi ya yi maka katutu. Hedimastanka zai iya zuwa, iyayen yaran da kake koyarwa kuwa tabbas za su zo.

Ga yadda ni zan tsara shi da ni ce kai, ka sauya yadda ya dace da bakinka:

“Malam Wane (Masunci). Haifaffen Kebbi, tashin bakin gulbi, wanda har yau bai iya iyo ba. Kifi mafi girma da ya taɓa kamawa, a faranti ya kama shi, soyayye. Da rana yana koyar da lissafi a aji huɗu, inda ba a tafa masa, shi ya sa ya zo nan. Waƙa uku zai rera a daren nan, an kuma tabbatar mana ba za su kai huɗu ba. Yana godiya ga iyayensa, da iyalinsa, da maƙwabtan da suka yi haƙuri da gwajin bayan isha'i.”

Ka lura da abin da ke ciki. An faɗi sunanka da rawar da za ka taka, don aikin takardar na farko ke nan, mai kallo ya san wane ne wane. An faɗi sana'arka ta gaskiya. Kalmar da ke ɗauke da dariya tana ƙarshen jimla, “soyayye”, ba a tsakiya ba, don da zarar an yi dariya ba a ƙara sauraron abin da ya biyo baya. Kuma ba a yi bayanin wasan ba. Kada ka ƙara “wasa nake yi” ko ka cika alamar motsin rai uku-uku a ƙarshen layi. Raha gishiri ce a wannan rubutu, a jimla biyu ko uku ta isa, in ka zuba ta a kowane layi ba mai iya haɗiyewa. Layin godiya kuma ka bar shi da gaskiyarsa, ko ka ɗan taɓa shi kaɗan kamar yadda na yi da maƙwabta, waɗanda su ma ba su aka tsokana ba, muryarka aka tsokana.

Akwai wata hanya da ta fi wannan zama tamu, in kana da ƙarfin hali, wato kirari. Ɗan dambe yana yi wa kansa kafin ya shiga fili, ɗan kokawa yana yi, maharbi yana yi, ba wanda ke cewa sun yi alfahari don an san fagen ke nan. Kai sai ka juya shi, ka ɗauki muryar jarumta ka cika ta da abin da ba na jarumta ba. 'Yan kama da wannan dabara suke cin abinci, su ɗauki waƙa mai nauyi su mayar da ita ta tuwo da miya, kuma yaran da ke tashe daga goma ga azumi ita suke yi sa'ad da ɗan shekara tara ya manna gemun auduga yana tafiyar tsoho. Misali:

“Gwarzon bakin gaɓa, ba ka shiga ruwa sai na bokiti! Giwan ruwa ya ji labarinka ya gyara kwanciya! Mai gora ba kifi, mai koma ba lissafi, ko da yake lissafin shi ne aikinka!”

Layi biyu ko uku na irin wannan, sannan ka sauko ka faɗi sana'a da godiya. Ni na fi son wannan, musamman idan mai gabatarwa zai karanta a lasifika, wanda a tarurrukanmu kusan kullum sai an yi. Amma ka tambayi darakta tukun. In kowa ya rubuta nasa salin-alin kai kaɗai ka zo da kirari, za a ce ka cika son a sani. In kuma ya yarda a yi wa kowa, takardarku za ta fi ta kowace ƙungiya daɗin karatu. Haka nan in bakinka na Kabawa ne, kada ka ji kunyar sa “wanga” da “mi” a ciki, 'yan kallonka da shi suke magana a gida.

Tunda Argungu kuka ɗauko, ka tsaya a kanka, kada ka wuce zuwa kan masunta. Bikin nan ba abin wasa ba ne a wurin masu shi. Tun 1934 ake yin sa a matsayin da aka sani yau, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, abin da ya zama alamar sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato bayan dogon zamani na yaƙi. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. A cikin 'yan kallonku ba za a rasa wanda ubansa ko kakansa ya shiga kogin Matan Fada, inda ake gasar, da gora ba. Ka ce kai ba ka kai masunci ba, za su ji daɗi. Ka ce masunta kaza ne, ka sayi rigima. Sarkin Ruwa da sarauta gaba ɗaya, ka bar su. Haka addini da malamai, haka siyasa, haka maganar 'yan bindiga, don a zauren da ke Kebbi yau ba ka san wanda aka taɓa wa ɗan'uwa ba.

Sai maganar surukinka, wadda ina jin ita ce ainihin abin da ya hana ka barci, ba kalma sittin ɗin nan ba.

Ɗana, ba rubutun da zai sauya ra'ayin dattijon nan a dare ɗaya. In ka rubuta don ka burge shi, za ka koma jero takardun makaranta, darakta ya sake dawo maka da shi. In ka rubuta don ka nuna masa ba ka damu ba, ka yi rashin kunya. Abin da ya dame shi, in na fahimce shi, ba waƙa ba ce, mutuncin mijin 'yarsa ne. Yana tsoron a ce surukin wane maroƙi ne. Mutanen zamaninsa sun tashi sun ga kiɗa da waƙa sana'ar gado ce ta wasu gidaje, malami kuma yana da nasa wurin zama, ba a haɗa su. Ba sai ka yarda da shi ba, amma ka san daga inda yake magana.

Don haka kada ya fara jin labarin a bakin kwamiti, ko ya fara ganin sunanka a takarda a bakin ƙofa. Ka sa babbar riga ka je gaisuwa a cikin makon nan, ka durƙusa, bayan an gama gaisawa ka ce, “Baba, yaran nan marayu ne muke ɗan yi wa ƙoƙari, an ba ni wani ɓangare a wasan, na ce ba zan yi ba ka sani ba.” Ka miƙa katin gayyata da hannu biyu. In kunya ba za ta bar ka ka faɗa da bakinka ba, ka tafi da wanka ko kawunka ya faɗa. Ba izini ka je nema ba, kuma kada ka furta shi kamar izini, don in ya ce a'a ka shiga tsaka mai wuya da kwana goma ya rage. Girmamawa ka je yi. Mai yiwuwa ya ce “Allah ya taimaka” ya sauya magana. Wannan a bakin suruki ba ƙaramin abu ba ne, ka karɓa ka tashi. In kuma ya yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka saurara, kada ka kawo hujja, ka bar mai ɗakinka da mahaifiyarta su ƙarasa sauran, sun fi ka sanin ƙofarsa.

Kuma kada ka sa shi a takardar, ko da godiya ce. Tsakaninka da shi kunya ce, ba wasa ba, kuma mutumin da ba ya son harkar ba zai so ya ga sunansa a cikinta ba. Sunan 'yarsa ma kada ka rubuta, “iyalinsa” ya wadatar, sai fa in ita ta ce tana so. Kafin ka kai wa darakta, ka karanta mata a bayyane, ka kalli fuskarta. Ita ta san abin da zai sosa wa mahaifinta rai fiye da ni da kai. Daga nan ka tambayi kanka ko za ka iya tsayawa gaban 'yan aji huɗunka ka karanta musu shi, tunda ranar Litinin ɗayansu zai zo da takardar a jaka.

Ita kuma abokiyar wasanku da ta ce ka rubuta mata, ka taimaka, amma kada ka ƙirƙira mata. Ka tambaye ta abu uku ko huɗu na gaskiya game da ita, me take yi da rana, me ya fi ba ta wuya a gwaji, wa take son gode wa, ka bar ta ta zaɓi wanda za a yi raha da shi. In ma'aikaciyar jinya ce, ana iya cewa ta saba mutane su gudu in sun gan ta da allura, yau ne karon farko da za su biya kuɗi su zauna. Ban da jikinta, ban da shekarunta, ban da aure ko rashinsa, ban da girki. Abin da namiji zai faɗa a kansa a yi dariya a wuce, in aka faɗa a kan mace sai ya bi ta har gida. Ta karanta na ƙarshe da idonta ta ce ta yarda, in tana da miji ko iyayen da take ganin ya kamata su gani, ta nuna musu da kanta. Kuma ka gaya wa mai ɗakinka kana rubuta wa wance, kada ta tsinci saƙonnin a wayarka.

Wajen bugawa, ku ce wa mai shagon kwamfuta ya fitar muku da kwafi ɗaya tukun ku duba kafin ya buga sauran. Haruffanmu masu ƙugiya sukan ɓace ko su koma akwati in aka sauya kwamfuta, don haka ku kai masa a PDF. Ku duba sunan kowa harafi-harafi, musamman ɗalibai, don su ne iyayensu za su adana takardar. Farar takarda A4 in aka ninka ta biyu tana ba da shafi huɗu, takarda biyu irinta sun ishe ku har da jerin waƙoƙi da sunayen masu kiɗa da tela da mai kula da lasifika, waɗanda aka saba mantawa da su. Ka kai wa darakta naka da sauran kwana uku ko huɗu, don in ya ce a rage layi ɗaya ka samu lokacin zaɓen wanda za ka cire. In ta kama, ka cire na waƙa huɗu, ka bar na kifin faranti.

Gwaggo